Shekarar da Baba Wili Ya Yi Hausa

Ummi ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da ta dawo daga bikin da aka yi a Gusau bara, sai da ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗa mini abin da ta ji a ɗakin mata. Wai wani Ba'amurke ne ya hure mini kunne na shiga harkar fim, wai kuma mahaifinku mijin-tace ne, shi ya sa ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira yana yi wa marasa lafiya tafinta maimakon ya koma gida ya yi limanci. Abin da aka faɗa a kaina bai dame ni ba, na saba. Amma Malam ba ya raye balle ya kare kansa, kuma ko yana raye na san halinsa, murmushi kawai zai yi ya ce a ƙyale su. To ni ba zan ƙyale ba. Ku ukun nan, Ummi da Muntari da Auta, ya kamata ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda aka yi komai a gabanta.

A lokacin muna zaune a unguwar Ainu Shams a Alƙahira, a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da ɗan kicin. Malam yana shekararsa ta ƙarshe a karatun tafsiri, da sassafe yake fita ya nufi Darrasa, unguwar da jami'arsu take, sai yamma liƙis ya dawo. Ummi tana 'yar shekara uku, ku biyun ba a ma yi tunaninku ba. Larabcina bai wuce na sayen gurasa da tumatir ba, ba ni da ƙawa, ba ni da 'yar'uwa, in na leƙa titi kowa sauri yake yi. Tagar kicin ɗinmu tana buɗewa ne cikin manwar, ramin nan da ake bari a tsakiyar bene don iska da haske, wanda in ka yi tari a ƙasa na sama zai ce maka sannu. A gindin tagar nake zaunar da Ummi, ina yanka albasa ina yi mata tatsuniya. Saboda kaɗaici sai na riƙa yin muryar kowa da kowa: kura da haɗamarta, zomo da iya shegensa, tsohuwa mai rawar murya, sarki mai magana ɗaya-ɗaya. Ban san ana saurarona ba.

Wata rana da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga wata dattijuwar Bamisriya, gajera, mai jiki, da ɗan gicciye a wuyanta da farantin basbusa a hannu, wani kek ɗinsu mai zaƙi. Ta ce sunanta Nadiya, su ne a samanmu. Ta shigo ta dudduba ɗakunan ba tare da wata kunya ba, sannan ta juyo ta dube ni.

"Mijina ne ya aiko ni in ƙirga ku," in ji ta. "Ya rantse mutum biyar yake ji a kicin ɗin nan. Na ce masa mace ɗaya ce da 'yarta. Mun yi ta musu har shayinsa ya huce."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Da Malam ya dawo na ba shi labari, na zaci zai ce in riƙa rufe taga. Sai ya yi dariya, ya ce an kawo mana abu ba ma mayar da faranti fayau ba, ranar Juma'a in ya sauko daga masallaci mu hau mu gaishe su. Na soya 'yar masa na zuba a farantin, muka hau.

Mutumin da ya buɗe mana ƙofa sai da ya ɗan sunkuya kafin ya gan mu da kyau. Dogo ne, baƙi wuluk, gashinsa fari fat, in ka gan shi a kasuwar Gusau za ka ce Bazamfare ne. Mutanen unguwa Ammu Wilyam suke ce masa, mu kuwa tun daga ranar muka sa masa Baba Wili. Larabci yake yi mai nauyi, irin na wanda ya koya da girma, amma muryar in ya buɗe baki har kofunan shayi sai sun amsa. Bangon falonsu cike yake da tsofaffin hotuna marasa launi. Na lura Malam ya daina sauraron hira, ya ƙura wa wani hoto ido, na wani ƙaton saurayi ba riga, da akwati a kansa, a bayan wani Bature mai bindiga. Can ya miƙe ya matsa kusa.

"Baba, wallahi na san ka," ya ce. "Muna yara a Gusau akwai silima marar rufi, mukan hau bishiyar da ke bayan katanga mu yi kallo. Na gan ka ba sau ɗaya ba. Har faɗa mun taɓa yi da abokaina a kan yaren da kake yi. Wasu suka ce na Kwango ne, wasu suka ce na mutanen kudu."

Baba Wili ya tuntsire da dariya, sai kuma dariyar ta yanke.

"Ba yaren kowa ba ne, ya ibni, ɗana. Darakta ne zai ce in yi ihu da yaren Afirka. In ce wanne daga ciki? Ya ce duk ɗaya ne. Sai in buɗe baki in faɗi abin da ya zo."

Labarinsa ba a zama ɗaya muka ji shi ba, kaɗan-kaɗan ya riƙa fitowa a tsawon watanni. An haife shi a wata jiha ta kudancin ƙasar Amurka. Mahaifinsa ɗaukar kayan fasinja yake yi a jirgin ƙasa, mahaifiyarsa wanki da guga, ran Lahadi kuma ita ke ba da waƙa a cocinsu, wurinta ya gaji murya. Yana tasowa ya bi wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo baƙar fata masu yawo gari-gari, a nan ya fito a sarki, ya fito a janar, ya haddace dogayen jawabai har mutane na kuka. Sai ya ɗauka in ya je birnin da ake yin finafinai haka za a ci gaba. Ya je. Suka duba tsayinsa da launinsa suka ba shi tire ya kawo wa mai gida shayi. Ya yi boyi, ya yi direba, ya yi ɗan dako a bayan maharbi, ya yi boka, ya yi sarkin daji da ƙashi a hanci. Ya ce ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da manyan 'yan wasan zamanin, wasunsu ma mutanen kirki ne, amma in an tashi cin abinci su su shiga ta gaba, shi ya zagaya ta baya. Sau da yawa ko sunansa ba a rubutawa a ƙarshen fim. Sau ɗaya tak aka ba shi matsayin likita a wani ƙaramin fim, ya sa farar riga, ya yi magana cikakkiya irin ta mutane. Don murna ya hau jirgi har garinsu, ya ɗauki mahaifiyarsa ya kai ta silima. Ashe masu silimar yankin sun yanke duk inda ya fito. Tsohuwa ta zauna har aka kunna fitila, sannan ta juyo ta ce masa, "To kai kana ina?"

Masar kuwa wani fim na zamanin fir'aunoni ne ya kawo shi, aikinsa ya riƙe mafici a bayan sarki. Mama Nadiya tana cikin masu ɗinka kayan 'yan wasa. Ya ce ran da ya fara fita shi kaɗai ya ga gahwa, wato shagon shan shayi da gahawa, ya tsaya yana neman ƙofar baya, sai mai gahwar ya jawo kujera a bakin titi ya ce, itfaddal ya basha, wato bismillah, ranka ya daɗe. Da aka gama fim sauran suka koma, shi ya zauna. Ya auri Nadiya, ya riƙa fitowa jefi-jefi a finafinan Misirawa in ana neman baƙon ƙasar waje, yana kuma koyar da Turanci. Allah bai ba su haihuwa ba. Ummi ce ta zama jikarsu, in ta ɓace mini na san tana sama a kan cinyarsa tana ja masa gemu.

A bazarar shekarar da muka san su ne wani kamfani na ƙasar waje ya zo yin fim a saharar Fayyum. Labarin wasu Turawa ne da suka ɓata a hamada har suka faɗa wani gari, ana neman tsohon da zai fito a sarkin garin. Suka aiko wa Baba Wili, ya ce ba ya yi. Mama Nadiya ta dame shi, domin ta ga zaman gida yana cin sa, kullum yana kujera yana kallon bango. Da ya karanta takardun ya tarar da abin da ya sani, an rubuta cewa sarki ya yi magana da yarensu, shi ke nan. Rannan da yamma ya sauko da kansa yana dafa bango, ya yi sallama da Malam, suka zauna, ya ce a kira ni.

"Zulai, 'yata, aro na zo nema. Na tsufa, wannan shi ne na ƙarshe, na sani. Ba na so in mutu ban taɓa faɗin kalmar da wani ɗan Afirka zai gane ba. Ki ba ni aron yarenku. In baƙi suka zo wa sarkinku a galabaice, me yake cewa? Yaya yake ihun?"

"Ai sarki ba ya ihu, Baba," na ce. "Sannu da zuwa zai yi musu, ya tambaye su gajiya, ya sa a kawo ruwa."

Ya juya ya dubi Malam. Malam ya ce shi karatu ya sha masa kai, kuma ni na fi shi iya baki, don haka kullum bayan la'asar in hau, Mama Nadiya tana nan, ba wani abu. Ku lura, shi ya faɗa, ban roƙa ba.

Magana huɗu ce kacal na shirya masa: Sannunku da zuwa. Ina gajiya? A kawo wa baƙi ruwa. Ku zauna, nan ma gida ne. Amma mun fi wata muna fama. Hawa da saukar murya bai ba shi wahala ba, kunnen mawaƙi gare shi, sau ɗaya zan faɗa ya kama. Inda aka sha wuya shi ne harafin ƙa. Kullum sai ya ce a kawo wa baki ruwa, in ce masa wannan bakin da ake cin abinci ne. Da na yi masa bayani cewa kalmar, in an ɗan sauya murya, tana kuma nufin launin fatarsa da tawa, sai ya ajiye kofinsa.

"Tsaya. Wato a fim ɗin nan Turawan ne baƙi?"

Na ce su ne. Ya yi dariya har da tari, sai da Mama Nadiya ta bubbuga masa baya tana yi masa faɗa. Shi kuma bai bar ni haka ba. Ya ce aro ba ya tafiya hannu ɗaya. Ya koya mini in ja numfashi daga ciki ba daga maƙogwaro ba, in daina haɗiye ƙarshen magana, in daina tsoron shiru. Yakan ce murya biyar Allah ya ba ni, amma duk biyar ɗin a sunkuye suke magana. Ni da na taso in babba yana wuri ko ɗaga kai ba na yi, sai ga ni tsaye a tsakiyar falo ina yin kura da dukkan ƙarfina, tsoho yana tafi.

Ranar da za a ɗauki fim ya ce ba zai iya ba in ba na kusa, tsoro yake kada ƙa ta gudu. Malam ya bar darasinsa ya raka ni, ya kuma ninke babbar rigarsa ta Sallah da rawaninsa ya sa a jaka, bai gaya wa kowa dalili ba. Muka tarar an kafa bukkoki na ƙarya a cikin rairayi, an tara baƙaƙen fata da yawa don su cika gari, cikinsu har da ɗalibai 'yan gida da suka zo neman na kashewa. Na ga sun gan ni, na ga suna taɓa juna. Aka kawo wa Baba Wili fatar damisa da sarƙar ƙasusuwa da mashi. Ya dube su ya ce a mayar. Malam ya buɗe jaka, ya zura masa rigar, ya tsaya a kan akwati ya naɗa masa rawani da hannunsa. Daraktan, wani saurayi mai jan fuska, ya zo yana ta faɗa da Turanci. Ban ji abin da suka ce ba, amma na ga Baba Wili bai ɗaga murya ba, ya nuna motar da ta kawo mu kawai. Rana tana yin ƙasa, ba su da wani tsohon. Darakta ya yarfa hannu ya ce a gwada sau ɗaya.

Turawan suka taho suna tangaɗi, leɓuna a bushe. Baba Wili yana zaune a kan buzu bai motsa ba. Ya bar su suka tsaya, ya bar shirun ya yi tsawo har na fara jin tsoro ko ya manta. Sannan ya buɗe baki. Wallahi 'ya'yana, tsigar jikina sai da ta tashi. Ƙa ta fito tsaf. Ɗaliban da ke tsaye a bayansa, waɗanda aka ce su yi fuskar mugunta, sai ga su sun rusuna ba wanda ya sa su. Da aka tsayar, darakta ya daɗe yana susar ƙeya. Ya tambayi ma'anar maganar, aka gaya masa. Ya ce to in sarki ya ce a kawo ruwa ai sai wani ya amsa, yana son muryar mace daga cikin bukka, ba sai an ga fuskarta ba. Duk wurin ni kaɗai ce mace mai jin Hausa. Na dubi Malam, don na san idanun da ke kanmu.

"Dattijo ya yi kira, Zulai," ya ce. "Amsa masa mana."

Na shiga bukkar, na ja numfashi daga ciki, na ce, "To, ranka ya daɗe, ga shi nan tafe." Iyakar abin da na yi a fim ke nan duk rayuwata.

Kafin labarin ya isa Gusau ya yi ƙiba. Kun san Yaya Alhaji Bala shi ya riƙe mahaifinku tun rasuwar kakanku, shi ya turo shi karatu, shi ke aiko mana da abin da muke ci, kuma ya riga ya gina makarantar Islamiyya da masallaci yana jiran ƙaninsa ya dawo ya riƙe. Da ya tashi dawowa daga Umra sai ya biyo ta Alƙahira. Na yi tuwon shinkafa da miyar kuka da na daɗe ina ɓoyo, ya ce a ƙoshe yake. Ya zauna a kujera, Malam ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa, ni ina kicin ina jin komai.

"Nuhu, karatun da na turo ka ke nan? An ce matarka ta fito a silima tana rawa a gaban Turawa."

"Ba ta yi rawa ba, Yaya, ko fuskarta ba a ɗauka ba. Dattijo ne ya ce a kawo wa baƙi ruwa, ta amsa. Ina tsaye a wurin."

"Kana tsaye! Da rawaninka a kan wanda ba ya salla! Wa zai bi ka salla a Gusau in wannan magana ta tabbata? To ka ji. Jibi zan tafi, za ta bi ni ita da yarinyar, ta zauna wurin Innarmu har ka gama. Mutumin nan kuma ko gaisuwa kada ta sake haɗa ku. In ka yi haka ni zan rufe bakin mutane."

Na san abin da makarantar nan take a zuciyar Malam. Har zanen azuzuwan yake yi a bayan littattafansa. Sai na fito na durƙusa na ce, Yaya, ka yi haƙuri, zan bi ka. Malam bai ko juyo ba.

"Koma ciki, Zulai. Ba ki yi abin da za a mayar da ke gida ba." Sannan ya ce wa yayansa, kansa a ƙasa, "Yaya, duk abin da na zama kai ne sila, har in mutu ba zan iya biyanka ba. Ka ce in bar Masar gobe in bi ka, zan bi ka, mu ukun. Amma in tura ta ita kaɗai, na gaya wa duniya ta yi abin kunya ke nan, alhali ni na kai ta, ni na ce ta amsa. Dattijon nan kuma maƙwabcina ne, 'yata tana cin abinci a gidansa. Na duba abin da na karanta ban ga inda aka ce in daina gaishe shi ba."

Yaya ya miƙe ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya ce makarantar wani zai ba. Malam ya bi shi da gudu har titi yana riƙe masa jaka, ya tare masa tasi, ya dawo ya zauna ya ci tuwon nan shi kaɗai, yana ci hawaye na zuba.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mana tsada. Aike ya yanke. Malam ya ƙarasa karatunsa yana zarya tsakanin Darrasa da asibitoci, yana yi wa mutanenmu da ke zuwa jinya tafinta, aikin da ya zama nasa har ƙarshen rayuwarsa. An ba wani makarantar. Mun yi shekaru ba mu da halin zuwa gida, kuma a cikin shekarun ne Inna, mahaifiyarsa, ta rasu bai gan ta ba. Wannan ciwon bai taɓa warkewa ba, na sani, ko da yake ran da na ce masa ni na jawo, ya ce kada in sake faɗa in dai ina son zaman lafiya da shi. Baba Wili da ya ji abin da ya faru da Yaya, sandarsa ya ɗauka zai je ya roƙi kamfanin su cire wurin gaba ɗaya. Malam ya tare shi a matakala ya ce an taɓa yanke shi sau ɗaya, ba za a sake ba ta dalilinmu.

Alherin kuma ta inda ba mu zata ba ya zo. Ɗaya daga cikin ɗaliban da suka tsaya a Fayyum ya ba wani ma'aikacin sashen Hausa na gidan rediyo labarina, aka neme ni gwaji. Aikin da kuka tashi kuka gan ni ina yi ke nan, wasan kwaikwayo da shirin yara, da shi da tafintar Malam aka yi muku karatu. Yaya Alhaji ma da idonsa ya samu matsala, nan ya zo. Ƙaninsa ne ya riƙe masa hannu daga wannan likita zuwa wancan har ya warke. A gidanmu ya sauka, ya ci tuwona har da ƙari. Bai ce a yafe masa ba, mu ma ba mu jira ba. Don haka kada ku riƙe shi ko 'ya'yansa a zuci. Tsoron bakin mutane ne ya yi masa yawa, kuma yana son ƙaninsa.

Amma ranar da na fi so ku riƙe ita ce ranar da fim ɗin ya zo Alƙahira, da sanyin shekarar da ta biyo. Baba Wili ya ce ba za shi ba, ya tabbata sun yanke. Sai da Mama Nadiya ta ɓoye masa silifas ɗin zaman gida sannan ya sa takalmi. Muka shiga metro, jirgin ƙasan cikin birni, mu biyar zuwa tsakiyar gari, kallon rana. Da muka shiga sai muka tarar layukan baya cike da ɗalibai 'yan gida, har da waɗanda na san da bakinsu aka kai labarina Gusau. Fim ɗin, gaskiya, ba wani abin kirki ba ne, tafiya ce cikin rairayi ba iyaka, Ummi har ta yi barci ta farka. Baba Wili yana zaune tsakanina da Malam, ya damƙe sandarsa da hannu biyu. Can sai ga bukkoki. Sai ga rigar Malam ta cika allon, da rawani, da fuskar tsohon, girmanta kamar gida. A ƙasa inda ake rubuta fassarar Larabci ba su rubuta komai ba, don ba su da mai fassarawa.

"Sannunku da zuwa," in ji sarkin.

"Yauwa!" Layukan baya gaba ɗaya, kamar an haɗa baki.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, ranka ya daɗe!"

Misirawa suka juyo suna tambayar me ya faru. Sarki ya ce a kawo wa baƙi ruwa, muryata ta fito daga bukka, Ummi ta miƙe tsaye a kan kujera ta ƙwala ihu, "Umma ce!" Silima ta kaure da dariya da tafi, har ba a ji magana ta huɗun ba. Na dubi Baba Wili. Bai yi dariya ba, bai yi tafi ba. Ya saki sandar ta faɗi, ya kama gwiwar Malam ya riƙe. Da ƙyar na ji abin da ya ce.

"Sun amsa, ya ibni. Tun ina saurayi nake magana a allon nan, yau aka amsa mini."

A waje ɗaliban suka kewaye shi a bakin titi, suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ina wuni Baba, wancan ya ce yaya iyali, wani ya tambaye shi ko asalinsa Bakatsine ne. Shi kuwa sai murmushi yake yana gyaɗa kai, Hausarsa ta ƙare. Da suka watse muka kama hanyar tasha a hankali saboda ƙafarsa, ya dafa kafaɗar Mama Nadiya, ya juyo gare ni.

"Zulai, gobe bayan la'asar."

"Baba, ai fim ya ƙare."

"Fim ya ƙare. Amma yaran nan sun yi mini tambaya ban iya ba su amsa ba. Wane irin sarki ne wannan?"

Ya kuwa ci gaba da koyo har ƙarshen kwanansa, kuma shi ne ya fara yi mini barka da Hausa ran da aka haifi Muntari. A yammacin da muka fito daga silimar nan mahaifinku yana gabanmu, ya ɗora Ummi a wuya. Bai san da me za mu biya hayar wata mai zuwa ba, makarantar da ya yi shekaru yana mafarki ta zama ta wani, amma yana tafe yana kwaikwayon muryar Baba Wili, yana tambayar motocin Alƙahira ina gajiya, Ummi tana amsa masa daga sama. Mutumin da aka ce muku mijin-tace ne ke nan. Allah ya jiƙansa, ya sa ku yi rabin zuciyarsa.